Atishawar da Na Ɗora wa Taba

Gaisuwa ga Malam da duk masu zama zaurensa bayan karatu. Na aiko takardar nan ba suna. Don Allah a karanta, a ba ni shawara, kada a zage ni.

Ni ne mutumin nan na garin Ƙarfi da ciwo ke hangowa ya sake hanya. Shekara arba'in ko ciwon kai bai taɓa kwana gidana ba. Haka nake faɗi a kasuwa, har damina ta bana.

Da marka ta sauka, mukan taru zauren Baba Sarkin Noma, mu saki asabari a ƙofa, muna tufkar igiya, ni kuwa ina ba da labarin da ke sa tsofaffi riƙe ciki. Sai fatake suka kawo labarin wata mura mai zazzaɓi da ta kwantar da gidaje wajen Danja. Baba ya ce, "Duk mai majina ya zauna ɗakinsa, da ƙwaryarsa daban. Zauren nan iskarsa ɗaya muke shaƙa." Na ce, "Gaskiya ne, Baba!" da ƙarfi, alhali tun asuba maƙogwarona kamar na haɗiyi ƙaiƙayi.

Me ya hana ni zama gida? Nomau ne. Wani Bamaguje daga Gozaki da ya daɗe yana taya Baba aiki, bakinsa da daɗi, har an fara dariyar labarinsa fiye da nawa. Ni in kwanta, ya gaje mini buzu? Sai na yi dabara. Na aro battar taba, duk lokacin da atishawa ta taso sai in yi maza in kai garin tabar hanci. In saki guda bakwai, kowace kamar faɗuwar rimi, in ce, "Kai, tabar nan jarumar gaske ce!" Aka yi ta dariya. Na miƙa battar hannu zuwa hannu. Ludayin furar da na sha, shi Baba ya karɓa. Da wani ya ce a ɗage asabari iska ta shigo, ni na hana, don sanyi nake ji har ƙashi.

Kwana uku, mutum shida sun kwanta. Baba kuwa ƙirjinsa na kuka, ba ya iya zama. Da aka fara tambayar wa ya kawo, sai bakin nan nawa ya ce, "Ni dai na ji Nomau ya yi tari." Wasa na yi, wallahi! Amma 'ya'yan Baba suka ɗaure masa kayansa, suka ce kada ya sake taka ƙofar gidan. Shekara goma sha yana cin tuwo a wurin. Da zai wuce ya dube ni ya ce, "Malam, Allah ya ba ka lafiya, na ga idonka ya yi ja."

Yanzu na warke, ina ɗakina, asabari a ɗage, ƙwaryata daban. Amma wane amfani? In na yi shiru, Nomau ya tafi da laifina. In na faɗa, Baba kuma ya cika, da wane ido zan dubi 'ya'yansa?

Jiya na daure na ce wa uwargida ina da wani babban asiri. Ko dakan ba ta tsayar ba, ta ce, "Wane asiri, Malam? Ni fa na wanke majinar hannun rigar nan taka."

Jama'a, me zan yi?