Abin da Ke Ƙarƙashin Farin Gam

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An dawo da guda arba'in daga wata gonar kaji a Fayyum. Akwatunan wuta na injin ƙyanƙyasar ƙwai, zanena, shekara goma sha ɗaya muna yin su ba wanda ya taɓa kuka. Volt sha biyu ya kamata su bayar. Yanzu lilo suke tsakanin sha ɗaya da sha uku, zafin injin na bin su sama da ƙasa, ƙwai na mutuwa. Mai gonar ya turo hoto. Ban buɗe ba.

Hajj Sabri, mai kamfanin, ya kira ni. Bai ce in zauna ba. "Ya Bashmuhandisa, babbar injiniyarmu, Alhamis ta sama. In ba ki gano ba, in sayo 'yan China a kwali, ɗakinki ya koma sito." Yana ɓare lemo yake faɗa. Shekarata ashirin da biyu a ɗakin nan.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na fara da zargin na'urar awo, kamar yadda ya kamata. Na gajarta wayar ƙasa, na sake aunawa. Lilon na gaske ne. Ba daga wutar gari ba ne, na ba shi tsayayyiya ya ci gaba da rawa. Na duba dalma da gilashi, ƙafa bayan ƙafa. Tsaf. Taransifoma na wani siririn fito, kamar sauro a kunne.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na canza kwandansa huɗu, 'yan gwangwanayen da ke daidaita wuta. Banza.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ga abin da na sani: in an ɗora wa akwatin kaya sosai, wato ana jan wuta da yawa, ya natsu. In hitar injin ta mutu, ya rage fanka kaɗai, sai rawa ta tashi. Lissafina ya ce bai kamata ba. Na sake shi sau uku, kuma ban taɓa faɗuwa lissafi ba tun ina firamare.

Abu ɗaya ya canza. Tun watan Agusta injin wani kamfani ke harhaɗa mana allunan da ke cikin akwatunan. Kafin nan tsohon ma'aikacinmu Usta Milad ne ke yi da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ni na rubuta takardar da ta sa aka sallame shi. Na ce inji ba ya tashi shan shayi, hannunsa ba ya rawa. Har yanzu gaskiya ce.

Na kira masu injin na wanke su tas. Mutumin ya bari na gama, ya ce, "Madam, abin da kika zana shi muka ɗora. Ko ɗigo ba mu ƙara ba." Na kashe wayar.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na tono wani tsoho a sito, haɗin Milad, duk ƙura. Sha biyu daidai, da kaya ko babu. Ya tsaya yana kallona.

A bas na buɗe littafin tarihin sarakunan Mamluk da nake karantawa. Shafi ɗaya tun daga wurin aikinmu a Ubur har tashar Ramsis.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na jera tsoho da sabo, na bi su da sama. Ba bambanci. Na kife su. A bayan tsohon akwai ɗan dunƙulen farin gam, irin wanda ake riƙe waya da shi. Na gan shi sau dubu. Na kankare da wuƙa.

Rizista, mai shan wuta kaɗan-kaɗan. Ƙarama, an liƙe ta a bakin fitar wuta, an binne. Ba ta cikin zanena. Na buɗe tsofaffi shida da aka kawo gyaran fanka. Duk shidan.

Shekara goma sha ɗaya. Kullum da safe Milad ya miƙe tsaye, "Barka da asuba, ya Bashmuhandisa," alhali ya san zanena gurgu ne, yana ɗaura masa ƙafar katako a ɓoye. Na fita tsakar gida na zagaya sau biyu. Mai shayi ya tambaya ko lafiya, na ce ya kula da butarsa.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na sa rizistar a guda goma. Sun natsu. Bayan awa ɗaya, da suka ɗau zafi, bakwai suka koma rawa, ƙarama dai, amma ta isa kashe ƙwai. Ke nan akwai saura. Na bi tsohon har idona ya yi ja, ban gani ba.

Saura kwana uku. Ba zan je wurin Milad ba.

Talata, 19 ga Nuwamba

Unguwar Shubra, gidan Milad, hawa na huɗu, ba lifta. Matarsa Umm Bishoy ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa. "Milad! Ga wadda ta ce inji ya fi ka." Duk da haka ta kawo shayi da gwaiba.

Ya miƙe tsaye, a gidansa, da silifa. Na ajiye allon a tebur, bayan yana sama.

"Guda nawa kika samu?"

"Ɗaya."

"Uku ne," ya ce, kamar mai ba da haƙuri.

Ta biyu: siririyar wayar da ke komawa ta gaya wa akwatin yawan wutar da ya fitar. Na zana ta a gindin taransifoma, tana kwasar hayaniyarsa. Shi yakan lanƙwasa ta ta zagaya, faɗin yatsa ɗaya. Ta uku: kwandansar fita. Wadda na rubuta ba ta son zafi. Yakan sa mai sayayya ya kawo wata mai kama da ita, launi ɗaya.

Rizistar fa? "Amalanke ne, ya Bashmuhandisa. In ba kaya sai ya yi ta tsalle a kan titi. Sai ka jefa masa buhu ɗaya."

Na tambaye shi dalilin da bai taɓa faɗa ba. Ya yi mamaki da gaske. "Ni? Da difloma ta? In ce wa injiniya ta yi kuskure, a gaban ma'aikata? Ina ruwana da rashin kunya."

"A ɓoye fa?"

Umm Bishoy ta amsa daga kicin. "Ya gwada! Shekarar farko. Kika ce masa in yana son zane ya koma makaranta."

Ban tuna ba. Amma muryata ce, na gane ta.

Ya rako ni har bakin matakala yana roƙon kada in gaya wa Hajj, wai kada a ce ya taɓa zane ba izini.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Duka ukun, a guda arba'in. Na sa su a ɗakin zafi awa shida, da kaya, ba kaya, rabin kaya. Sha biyu. Fiton ya ɗauke. Na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko, wanda ke nuna dalilin da gyaransa ke aiki. Shafi huɗu. Shi ya ce buhu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Hajj Sabri ya kalli na'urar awo minti biyar, kamar ya san abin da yake kallo. "To, laifin wa? Masu injin nan ko? In kira su?" Har ya ɗauko waya. Da na gyaɗa kai an wuce wurin.

Na ce zanen ne.

"Zanenki?"

Na ce wa ke zane a kamfanin nan in ba ni ba. Ya ajiye wayar. Ɗakina na nan.

A hanya na sayi jan biro. Na naɗe shi cikin zanen sabon akwatin, mai volt ashirin da huɗu, na ba direba ya kai wa Milad a Shubra. Ban rubuta komai ba. Ai kowane zane yana buƙatar ido na biyu, ƙa'ida ce kawai.