An haɗa ni musu da surukina a teburi ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, Bauchi ƙaramin gari ne. Shawara nake nema, don Allah ku ba ni, kaina ya kulle kuma Asabar ɗin nan ce ranar.

Ni matar aure ce a Fadaman Mada, ina aiki a wani kamfani da ke sayen hatsi wajen manoma. Bana ofis suka ce za su ɗauki nauyin mutum ɗaya ya yi MBA, wato digiri na biyu kan harkar kasuwanci, kuma shi za a ba riƙon sabon reshen da za a buɗe. Aka zaɓe ni, da sharaɗin in samu gurbi a bana, in ban samu ba damar ta koma kan na bayana. Jarrabawar rubutu na ci lafiya lau. Abin da ya rage tattaunawar rukuni ce, a zaunar da ku a teburi a jefo muku batu, ku yi ta musu malamai na gefe suna ba da maki. Da na ji haka har dariya na yi, don ni dai Allah ya hore mini baki, a ofis in direbobi suka tayar da rigima ni ake turawa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Makon jiya makarantar ta kira mu gwaji, can wajen Yelwa. Ashe da sunan ƙarshe suka raba mu rukuni rukuni, ni kuma tun da na yi aure sunan gidansu mijina nake sawa a takarduna. Ina shiga ɗakin sai ga Baba zaune, mahaifin mijina, da hularsa da biro a aljihu. Ashe shi ma ya nema, ya kusa ritaya yana so ya mayar da gonarsa ta Zungur kasuwanci sosai, kuma bai gaya wa kowa ba sai Hajiya, uwar mijina.

Ku fahimce ni, gidan nan jinin Fulani ne, kunya a wurinsu ba abin wasa ba ce. Tun da aka kawo ni ban taɓa zama a kujera Baba yana wuri ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi. In yana da magana da ni Hajiya yake gaya wa ko da ina wurin. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ɗana na fari ma da ya ci sunansa Abba muke ce masa. Wallahi a teburin nan na fara sanin Baba yana da tabo a gira.

Batun da aka ba mu kuwa kamar don ni, wai manomi ya sayar da amfaninsa da kaka ko ya ajiye. Baba ya gyara murya ya ce a ajiye komai sai farashi ya tashi. Ni kuma aikina ke nan, na sha ganin masarar da aka zuba a sito ba ta gama bushewa ba, ta yi fumfuna, ƙwari suka ƙarasa sauran, mai ita ya tashi a tutar babu. Amsar tana bakina amma ta ƙi fita. Sai malamar da ke kula da mu ta nuna ni ta ce me zan ce kan maganar wane, ta kira sunansa gatsau. Ban san lokacin da na fara zamewa daga kujera ba, kaina a ƙasa, na ce abin da Baba ya faɗa haka ne. Ɗakin ya kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan an fita malamar ta ja ni gefe ta ce a teburinsu babu zancen Baba ko suruki, ranar gaske, wato Asabar ɗin nan, duk wanda ya yi shiru ko ya bi bayan wani ba shi da maki, dole a kalli mutum a kira sunansa a faɗa masa inda ya kuskure. Na roƙe ta har da hawaye a canza mini rukuni, ta ce an riga an rufe, in aka yi mini kowa ma zai zo da nasa uzurin.

Da na gaya wa mijina na zaci zai tausaya mini, sai ya hau faɗa. Ya ce mahaifinsa ba abokin gardamata ba ne, in janye kawai, karatu ba ya ƙarewa. Na ce karatu ba ya ƙarewa amma damar nan tana ƙarewa, shekaru nake shan rana da ƙaiƙayi a kasuwannin ƙauye ina jiran irinta. Ya ce duk ranar da labari ya iso masa cewa na ɗaga murya kan ubansa a gaban mutane, in san inda dare ya yi mini. Tun ranar ba ma magana sai gaisuwa.

Hajiya ce ta ƙara dagula mini lissafi. Ta kira ni ta ce Baba ya yanke shawarar shi zai janye, zai ce hawan jininsa ya tashi. Amma a bakinta na ji cewa tun yana saurayi yake burin karatun nan, hidimar ƙannensa ta hana shi, yanzu kullum bayan la'asar yana rufe ɗaki yana gwada Turanci shi kaɗai. Na fashe da kuka. In ya janye saboda ni, da wane ido zan kalli dangin nan, a ce matar ɗa ta kori tsoho daga makaranta?

Jiya na daure na je gidan, na durƙusa a bakin ƙofa na ce wa Hajiya ta roƙe shi kada ya janye, ni zan haƙura. Baba kuma yana zaune a ciki. Can sai ya ce wa Hajiya, ni ina ji, ta gaya mini ya fasa janyewa, ni ma ba zan janye ba, kuma in na yi shiru ranar Asabar saboda shi bai yafe ba. Na dawo da gudu na gaya wa mijina, shi kuma ya ce kara Baba ya yi mini, kuma 'yar mutunci in an yi mata kara ita ma kara take yi, shi dai maganarsa tana nan ba ta canza ba.

To 'yan uwa, ga ni a tsaka mai wuya. In na janye na rasa aikin da na yi wa wahala, kuma na saɓa wa Baba. In na yi magana aurena na rawa. Ko da ma kowa ya yarda, na gwada a gaban madubi, da na zo kan sunansa sai harshena ya ƙi. Masu surukai, iyaye maza na cikin wannan zaure, don Allah ku gaya mini gaskiya, da gaske Baba yake ko kara ce? In kuma da gaske yake, ta yaya zan ɗaga kai in kalli mutumin da nake durƙusa wa, in kira sunansa, in ce masa masararsa za ta ruɓe?