Kiɗan Mama Ya Ƙi Kaiwa Ƙarshe

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Abin nan ya tsaya min a wuya, kuma duk wanda na fara ba shi labari a gida sai ya mayar da shi abin dariya.

Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, malamar kiɗa ce a makaranta. Ita ta koya min fiyano tun ƙafafuna ba sa kai ƙasa daga kan kujera. Tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: in ka yi kuskure, ko a layin ƙarshe ne, sai ta ƙwanƙwasa fensir a jikin katakon, ka ɗage hannu, a koma farko. Cewa take in ka bar hannu ya wuce ta kan kuskure, kuskuren zai haddace. Haka na tashi, kuma ba yabon kai ba, na iya.

Da ta rasu na rufe fiyanon na lulluɓe shi da ƙyalle. Aure ya zo, haihuwa ta zo, ga aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, shekara ashirin da wani abu suka wuce kamar wasa. Fiyanon ya dawo falona don 'yan uwana ba su da wurin ajiye shi, ya zama ma'ajiyar makullai da jakunkunan makaranta.

Bana Baba ya dawo wurina da zama. Ciwon zuciya ne, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar. Ɗakinsa bango ɗaya ne da falo. Wata safiya ina shafa masa magani a ƙafa, sai ya ce yana marmarin jin kiɗan nan da Mama take yi masa in ya dawo daga aiki. Anti, Baba mutum ne da ko ruwa sai an yi masa tayi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba sai wannan.

Na kira mai gyara ya daidaita sautin, na zauna. Wallahi yatsun nan kamar aro na yi su. Rabin farko dai ya dawo da lallami. Amma a tsakiya akwai wurin da hannun hagu yake tsallake na dama, nan nake faɗuwa kullum. Da na faɗi sai in ji ƙarar fensirin nan a kunnena, hannuna ya ɗage da kansa, in koma farko. Watanni ke nan ban taɓa ganin ƙarshen kiɗan ba. Autata tana wanke-wanke tana rera shi, ta zo daidai wurin ta tsaya ta sake farawa, ita a zatonta haka aka yi shi. Maigidana ya sa min suna Malama A-koma-farko. Ƙanwata kuma ta ce in daina wahalar da kaina, ta samo kiɗan a waya, a kunna wa tsoho a huta. Haushinsu nake ji dukkansu, ban ɓoye miki ba.

Don kunya, sai na tabbatar ya sha maganin rana ya kwanta nake zama, in danne abin takawa na tsakiya mai shaƙe sauti. Makon jiya na faɗi a wurin nan, na ɗage hannu, sai na ji muryar Baba ta bango. Ya ɗora daga inda na tsaya, yana rerawa ƙasa-ƙasa, numfashi na yanke masa, har ya kai ƙarshe. Ashe duk watannin nan yana jina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na zauna na yi kuka ba sauti. Tun ranar ban sake buɗe fiyanon ba, gani nake ya gaji da jirana ne ya nuna min.

Likitansa ya ja ni gefe ya faɗa min abin da na riga na gani a sakamakon gwajin. Baba bai sake tambaya ba, sai dai in na kawo magani ya bi hannuna da kallo. In yi masa kiɗan a kakkarye, in kunyata tarbiyyar Mama a gaban wanda ya fi kowa sanin yadda take yin sa? Ko in karɓi wayar ƙanwata? Tsoro nake ji, Anti. Ina tsoron in yi ta jiran hannuna ya gyaru har ya zama babu mai ji.

'Yar Malamar Kiɗa

'Yar Malamar Kiɗa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba sauƙi, ya ji ƙan Mama.

Ba zan zagi dokar Mama ba. Ita ce ta sa bayan shekarun nan duka rabin kiɗa ya dawo hannunki. Amma ta kafa ta ne wa yarinya mai koyo, wadda lokaci yake gabanta birjik. Ke yanzu ba darasi kike ba, majinyaci kike son faranta wa, kuma likita ya gaya miki abin da ya gaya miki. Ki lura da abin da dokar ta yi miki: farkon da kika riga kika iya shi kike ta maimaitawa, ƙarshen da kika manta ko sau ɗaya ba ki taɓa shi ba.

Don haka ki juya aikin. Gobe ki fara daga layin ƙarshe, in ya zauna ki ja baya layi ɗaya, a haka har ki iso wurin tsallaken ta bayansa. Shi kuma ki cire shi daban, hannun hagu kaɗai, a hankali kamar mai koyon tafiya. In ya ƙi, ki sauƙaƙa shi, ki bar hagu a inda yake. Ki ɗan jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin ki zauna.

Ƙanwarki ba ta yi laifi ba, tausayinki ta ji. Ki karɓi kiɗan wayar ki saurara don kunnenki ya tuna ƙarshen. Amma Baba ya san akwai waya, da ita yake so, da ita zai nema. Maigida kuwa, ki gaya masa kai tsaye tsokanar tana yi miki zafi, wataƙila bai san zurfin abin ba.

Inda na saɓa da ke shi ne rerawar nan. Mutumin da numfashi ke yi wa wuya ba ya ɓata numfashinsa a kan gori. Ya ji 'yarsa ta faɗi a wuri ɗaya wata da watanni, ranar nan ya kasa haƙuri ya miƙo miki hannu ta bango. Abin da ya kamata ya dame ki shi ne shirun da ya biyo baya, don yanzu ko rabin da yake samu kin hana shi.

Kada ki wuce makon nan. Ki buɗe ƙofar ɗakinsa, ki ɗauke ƙafa daga abin shaƙe sautin, ki kira autarki ta zauna ita ma ta ji kiɗan kakarta yana da ƙarshe. Za ki yi kuskure, ki sa wannan a ranki tun yanzu. In kin zo wurin kin faɗi, kada ki ɗage hannu. Ki saurari Baba, ya san hanya, ki bi muryarsa ku ƙarasa tare.

Allah ya ƙarfafa miki hannu da zuciya, ya sa ya ji shi har ƙarshe.

Antinku