Bulalar da Na Kaɗa wa Noeleen

Ni Clarrie Hanrahan, mai horar da dawaki a yamma da garin Cloncurry, ina rubuta wannan da hankalina garau, ko da yake likita ta ce huhuna ba zai kai ni damina ba. Zuwa ga 'ya'yana, Rowan da Darcy da Noeleen.

Na ɗaya. Rowan, gona da shanun da fari ya rage naka ne. Kada ka gode min, wahala na bar maka.

Na biyu. Darcy, ka ɗauki sirdina da dawakan horo shida, ka ci gaba da koyar da masu zuwa ranar Asabar. Hannunka na da nauyi a linzami, na faɗa har bakina ya gaji. Doki ya fi ka sanin inda maraƙi zai juya, ka sakar masa baki.

Na uku, bulalar da ke rataye bayan ƙofar kicin. Kun san ma'anar ƙararta a filin gasar kora maraƙi bisa doki: maraƙi ya tsallake layi, an fitar da mahayi. Shekara goma sha ɗaya ke nan, alƙali ya kwanta ciwo ranar zagayen ƙarshe, aka ce in riƙe alƙalancin. Noeleen na kan Biddy, goɗiyar da ta horar da hannunta. Ta ware maraƙinta daga garke, ta kewaya turke na farko da shi, ta kewaya na biyu, saura ta shigar da shi ƙofar ƙarshe. Ban taɓa ganin hawa irin wannan ba. Sai wani a bayana ya ce, "Kai, Clarrie, yau kofin gasa a gidanka zai kwana ke nan!" Aka bushe da dariya. Maraƙin ya matso layi, ni kuwa na kaɗa bulala, don kada a ce na yi son kai.

Ta zo ta tsaya a gabana, Biddy na haki. Ta ce, "Baba, ya fita?" Na ce, "Ya fita." Ta ce, "To." Washegari ta tafi Townsville, ba ta ƙara taka likkafa ba.

Ku biyun kun goyi bayana, kuna ce mata mai ƙaramar zuciya. Ku bar wannan maganar daga yau, ku je ku ba ta haƙuri. Bulalar kuma ku ƙona ta.

Na huɗu. Biddy ta mutu bara. 'Yarta ta ƙarshe, jar nan mai shekara uku, ta Noeleen ce. Ban bari kowa ya ɗora mata sirdi ba. Darcy na ta mita wai ana ɓata dabba, gaskiyarsa. Duk da haka kada a sayar, kada a hau. In mai ita ba ta zo ba, a bar ta ta tsufa haka.

Na san da wuya ta zo. Sau uku na rubuta mata, kowane karo sai in ɓige da labarin ruwan sama. Na gyara mahaya sun fi ɗari, wadda ta fi su duka kuwa ni na sauke ta da hannuna. Baƙin cikin nan ya fi min ciwon huhun.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku haɗu a teburi ɗaya kowace Kirsimeti ko da ba ku da abin cewa, ku ajiye mata kujera ko da ba ta zo ba.

Noeleen, 'yata, maraƙin bai fita ba. Na gani da idona.

Mahaifinku,
Clarrie