Idan na tafi, wa zai riƙe wa Malam rogonsa?

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Na gama digiri na biyu a fannin sarrafa ƙwayoyin halitta, ina aiki a ɗakin gwajin malamina. Aikinmu renon rogo a cikin kwalabe. Iri arba'in ne, Malam ya shekara goma sha tara yana bin gonaki yana tattaro su, wasu daga cikinsu ma manoma sun daina shuka su, a wurinmu kaɗai suka rage. Duk bayan mako shida sai an ciro kowane tsiro, a yanka, a dasa a sabuwar kwalba. Kuskure kaɗan, fumfuna ta cinye shi. Shekara biyu ke nan hannun Malam yana rawa, don haka ni kaɗai nake dashen. Umma har tsokanata take yi, wai sa'o'ina na goyon 'ya'ya, ni ina goyon rogo.

To, wata jami'a a ƙasar waje ta ɗauke ni digirin digirgir, shekara huɗu, ga na'urorin da a hoto kawai nake ganinsu. Nan da mako uku suke son amsa. Abin da ke ci mini rai shi ne Malam bai sani ba. A ɓoye na nema, wani malamin sashenmu ya rubuta mini takardar shaida. Shekaranjiya kuma sai ga Malam ya kira ni ofis, ya miƙo mini fom ɗin digirgir na nan gida, ya riga ya cike rabinsa da kansa, sunana duk a karkace. Wallahi na kasa ɗaga ido. Na karɓa, na yi godiya kamar munafuka.

Yayana ya ce kada in yi wauta. Ni ma ina son tafiyar, ba zan ɓoye miki ba, tun ina aji biyu a jami'a nake burinta. Nan gida sinadari ɗaya sai mu yi wata huɗu muna jiransa. Amma bara da zazzaɓi ya kwantar da ni, ɗalibai biyu suka gwada dashen, muka rasa iri uku. Tun daga ranar ban sake barin kowa ya taɓa kwalaben ba. In na tafi, na kashe aikin mutumin da ya mayar da ni mutum. In na zauna, ina tsoron wata rana in wayi gari ina jin haushinsa. Ya zan yi?

Mai renon rogo

'Yata,

Na tausaya miki, amma bari in fara da inda ba za ki ji daɗi ba. Ranar da kika hana ɗalibai taɓa kwalaben nan, ranar kika jefa aikin Malam cikin haɗari. Ke kwalba nawa kika ɓata kafin hannunki ya faɗa? Ai bai kore ki ba. Ko kin zauna, ba ki fi ƙarfin ciwo ko haihuwa ba. Don haka a makon nan ki zaɓi ɗalibai uku, ki zaunar da su kusa da ke, su koya da irin da kuke da shi da yawa. Ku kuma nemi wani ɗakin gwaji da zai ajiye muku kason kowane iri.

Zaman gida ba faɗuwa ba ne. Abin da ke hannunki babu shi a ko'ina, ga malamin da ya san ki ciki da bai. Sai dai wasiƙarki ta nuna zuciyarki ta riga ta yi gaba, kuma digirgir ɗin da aka yi don jin nauyin wani ba kasafai yake ƙarewa lafiya ba. A ganina, ki rubuta wa jami'ar ki roƙi ɗagin wata shida, ki miƙa aikin yadda ya kamata, sannan ki tafi.

Kafin duk wannan, ki gaya wa Malam. Zai ji zafi, kada ki yaudari kanki, wataƙila ma ya yi kwanaki bai sakar miki fuska ba. Ki jure, haƙƙinsa ne. Amma akwai wanda ya san sirrinki a sashen nan, kuma gara dattijon ya ji daga bakinki da ya tsinci labarin a kan matakala. Ki je gobe da safe, kafin ki sa rigar aiki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Malam lafiya.