Kalmomin Da Na Sauya Maka

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ni za ka miƙo wa, ka jingina da bango ka ce in karanta a hankali.

Gida lafiya. Ruwa ya sauka da wuri bana. Auta ya je Kazage sau biyu ya duba gonarka, ya ce ciyawa ta kai masa ƙugu, amma mutane sun fara komawa shuka, suna tafiya a ƙungiya su dawo kafin la'asar. Jumare, bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonarka bayan girbi, ya zo gaisuwa da ƙwaryar nono. Sai watan jiya ya ji rasuwarka. Ya daɗe zaune a zaure kafin ya tafi.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na mutuminka ne, Mai Guduma. Har yau bakina bai saba da ce masa shugaban majalisa ba, sunan da ka laƙaba masa ne ke zuwa. Rigima ta taso masa. Wasu 'yan majalisar sun ce sai sun tsige shi, wai ya raba shugabancin kwamitoci ga 'yan gaban goshinsa, kuma duk wanda ya miƙe zai soke shi sai a kashe masa lasifika. Shi ya ce hassada ce. Ni ban san mai gaskiya ba. Rediyo ta kawo wannan da safe, ta kawo wancan da yamma, kowa yana rantsuwa saboda talaka yake yi. Da kana nan, da tuwonka ya riƙa hucewa kana dandali kana musu.

Ranar Litinin Sabo na jam'iyya ya yi sallama, da sabuwar hula da takardu a hammata. Ni da Auta muka tarbe shi a zaure. Ya ce ana tattara shaidar mutanen kirki da suka taɓa yaba wa shugaba, za a karanta a rediyo ranar Juma'a, kuma a ofishinsu an tono wasiƙu bakwai masu sunanka da dangwalen yatsanka. Ya ce kowa ya san Malam Audu bai taɓa yi wa mai mulki bambaɗanci ba, don haka kalmarsa ɗaya ta fi ta jama'a guda. Izinin iyali kawai ya zo nema.

Malam, rubutun hannuna ne. Tun kafin ya miƙo na gane shi.

Ka tuna yadda muke yi bayan 'yan bindiga sun tashe mu daga Kazage mun dawo gari? Ka idar da la'asar, ka gyara zama a kan buzu, ka ce Malama ɗauko takarda. Kana faɗa ina rubutawa. Ka ce a gaya masa hanyar Kaduna ta zama mayanka, shi yana can yana buga guduma kamar maƙerin da ba shi da ƙarfe. Ka ce a tambaye shi ko ya taɓa binne maƙwabta uku rana ɗaya. Ni kuma abin da nake sa wa a takarda shi ne muna godiya ga mai girma shugaba bisa ƙoƙarinsa, muna roƙo a ƙara duba hanyarmu. In ka ce in maimaita maka, sai in ɗaga takardar in karanto naka kalmomin daga ka, har da wurin da ka yi tsaki. Ka gyaɗa kai, ka dangwala yatsa.

Sau bakwai na yi maka haka.

Tsoro ne, ba raini ba. A shekarun nan wa ya san hannun da takarda za ta bi kafin ta isa? Wa ya san mai kai labari daji, da mai kai wa hukuma? Na riga na rasa gida da rumbu, na rasa ƙanena a hanyar Tabanni. Ban shirya rasa ka ba saboda takardar da na tabbata ko buɗewa ba za a yi ba. Ashe suna buɗewa. Ashe har adanawa suke yi.

Sau ɗaya amsa ta zo, ana gode maka da goyon baya. Na ce maka sun ce sun ji, za su duba. Ka ce ai dole su ji, irin wannan magana ba a kwana da ita a kunne. Ranar malmala biyu ka cinye. Ni loma ɗaya ta gagare ni.

Ba Sabo ne ya dame ni ba, Auta ne. Ya karanta wasiƙun a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar masa, ya fice. Ya koma yana dawowa daga gareji ya gaishe ni ya shige ɗaki. Matarsa ce ta tsegunta mini abin da ya ce, wai ashe Baba ma haka yake, a dandali ya yi ruri, a takarda ya durƙusa. Ka san da sunanka yake tafiya a garin nan. Sau nawa 'yan siyasa suka neme shi ya ce shi ɗan Malam Audu ne?

In na yi shiru, ina nan a matsayin uwa mai gaskiya, malamar da ta koya wa rabin unguwa karatu, kai kuma ka zama mai fuska biyu a idon ɗanka, ba ka da bakin kare kanka. Abin ba ya buƙatar dogon tunani. Amma kwana biyu na yi ina juya shi, kuma wannan ma ina jin kunyar gaya maka.

Jiya da hantsi na sa hijabi na taka har garejin. Na same shi a ƙarƙashin mota, na ce ya fito, na gaya masa komai. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, hannun ya bushe yana ta gogewa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Abu ɗaya ya tambaya, ko na tuna ainihin abin da ka ce. Ta yaya zan manta abin da na haddace don in yi ƙarya da shi?

Ya zaunar da ni a benci ya samo takarda, ina faɗa yana rubutawa. Da muka zo inda ka ce in kujerar ta yi wa shugaba daɗi ya kawo ta Kazage ya kwana ɗaya a kanta a bakin daji, sai ya kwashe da dariya har ya ajiye biro. Daga nan dariyar ta sauya, ya juya mini baya. Na ƙyale shi har ya gama.

Tare muka je wurin Sabo. Na ce masa waɗancan wasiƙun nawa ne, in suna so su karanta da sunana. In kuwa maganar Malam Audu suke nema, ga ta nan sabuwar rubutawa. Ya karanta layi uku ya ninke, ya ce zai tuntuɓi na sama. Ba na jin za mu ji ka a rediyo ranar Juma'a.

Ko su tsige shi ko su bar shi, wannan nasu ne. Ɗanka ya dawo cin abinci a tsakar gida. Ni ce dai har yanzu bai ɗaga ido ya kalla sosai ba. Zan jira, ni na jawo.

Saura abu ɗaya. Ranar da jikinka ya tsananta ka ce in yafe maka. Na ce na yafe, kai ma ka yafe mini. Ka ce me na taɓa yi maka? Na buɗe baki zan faɗa, sai na ɓige da gyara maka matashi. To ga amsar, ta makara da wata goma sha ɗaya. Da ka yafe? Ina jin da ka yi kwana uku ba ka kula ni ba, a na huɗu ka ce Malama ɗauko takarda, amma a kira Auta ya zauna kusa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a inda babu tsoro. Sai na zo.

Matarka Rabi,
wadda ba ta sauya ko kalma ɗaya a wannan ba.