Tsakuwa a Takalmina

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu. Allah ya raya mana su, ya yi wa aikinku albarka, ya ƙara muku zaman lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Goggonki ta yi sauƙi har ta koma zagayen gidajen mutane kamar da. Kawunki ya gama rufin ɗakin nan da ya shekara uku yana cewa saura mako guda. Ƙanwarki kuma ta ci jarrabawarta, tun daga ranar ba a isa a aike ta kanti ba sai ta tuna wa mutum matsayinta.

Yanzu ki sami wuri ki zauna, domin laifi zan amsa. A kowace takarda kina tambayata idon Babanki, ni kuma ina ce miki garau yake. To, shekara shida ke nan ina shirga miki ƙarya, kuma ba ke kaɗai ba. Makon jiya asirina ya tonu a gaban mutum takwas, a cikin kwari, takalmina ɗaya a hannu. Gara ki ji daga bakina kafin Goggonki ta riga ni, ta ƙara gishiri.

Kin san ƙungiyar nan tasu ta masu bin tsirrai: tsofaffin malaman makaranta, ma'aikatan gandun daji biyu, mai kantin magani, da likitar dabbobin nan da suke kira Shugaba. Kowace Asabar sai su fita bayan gari su yi ta tafiya a duƙe kamar masu neman allura, tafiyar da yaro zai yi a minti biyar su sai su shafe awa biyu. In sun sami tsiro sai su ciro shi da saiwarsa, su shimfiɗa a cikin tsohuwar jarida, su matse tsakanin katako biyu su ɗaure da bel. In ya bushe a manna shi a kati, a rubuta sunansa da Latinanci, da wurin da aka same shi, da rana, sannan a layin ƙarshe sunan wanda idonsa ya fara sauka a kai. Wannan layin na ƙarshe shi ne duniyarsu. Sau ɗaya a shekara suna ba da lambar yabo ga wanda ya gano tsiron da ba a taɓa rubuta shi a yankin nan ba, Babanki kuwa shekara talatin yana bin lambar nan bai taɓa kama ta ba. Katunansa dai sun cinye ɗakinki, har gadonki yanzu busassun ciyayi ke kwana a kai.

Ranar da na gane idonsa ya fara tafiya, a ƙofar gida na same shi yana gaida tankin ruwan maƙwabta, har yana mita wai mutanen yanzu ba su amsa sallama. Daga nan sai ya riƙa dawowa daga fita hannu wofi, yana cewa daji ya ƙare. Na kawo maganar likita, ya yi tsalle ya dire, wai idon da ke ƙirga gashin jikin ganye ne za a kai wa wuƙa? A nan bai yi ƙarya ba, domin in ya kara ɗan gilashin nan na ƙara girma da yake ratayawa a wuya, abin da ke dab da hancinsa yana ganinsa sarai. Abin da ya wuce taku biyu ne ya zama hazo. Na san tsoron aikin yake, na kuma san abin da ya fi tsoro shi ne abokin hamayyarsa, tsohon malamin lissafin nan da suke kira Ba-haka-ba, wanda ko ka ce masa yau Asabar ce sai ya nemi hujja. Da mutumin nan ya ji Babanki ba ya gani, da ya sami abin ba'a har ƙarshen rayuwarsa.

Shi ya sa na fara bin su, ni da na sha faɗa a gaban kowa cewa wannan aiki hauka ne da takardar shaida. Na ce zan riƙa ɗaukar masa katakon matsi saboda bayansa. Fitarmu ta farko na ga ya tsallake wani ɗan tsiro mai jan kara da ban taɓa gani a katunansa ba. In na ce duba, na gaya masa ke nan na san komai. Sai na zauna daɓas a gefen tsiron na ce tsakuwa ta shiga takalmina. Ya sunkuyo zai taimaka mini, hancinsa ya kusa taɓa ganyen, sai kawai ya kurma ihu ya jawo gilashinsa. Ni kuwa na kaɗe takalmi na ce ikon Allah, Malam, wannan ido naka sai dai a yi masa addu'a. Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Haka muka shekara shida. Ba na jin akwai takalmin da ya sha tsakuwa a duniya kamar nawa. Mai kantin magani ya ba ni shawarar safa mai kauri. Shugaba da kanta ta kawo mini dogon takalmi mai igiya wanda ko yashi ba zai shiga ba, dole na ce yana matse mini yatsa na tura shi ƙarƙashin gado. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a shekara ta biyu haukar ta kama ni nima. Tun ranar Alhamis nake fara duba sama ko za a yi ruwa. Latinancinsu bai zauna mini a baki ba, sai na raɗa wa tsirran sunayena, akwai mai kunnen ɓera, akwai marowaci wanda ba ya buɗe fure sai ya ga dama, akwai wani mai ƙaya da na sa wa sunan Goggonki, amma wannan ya tsaya tsakaninmu.

A daminar bana, a kwarin da ke bayan tsohon wurin fasa dutse, na hango wani fure shuɗi da bai kai ƙwayar wake ba, kwance a inuwar wani dutse. Na zauna na cire takalmi kamar kullum. Wannan karon Babanki bai yi ihu ba, sai ya ciro guda ɗaya a hankali ya shimfiɗa a jarida. Aka aika busasshen ga masana a jami'a, bayan wata biyu amsa ta dawo cewa ba a taɓa rubuta shi a duk yankin nan ba. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, na ce shekara talatin ta biya. Sai Babanki ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce saura abu ɗaya. Dokar ƙungiya ce kwamiti ya je ya ga tsiron a inda ya tsiro, kuma wanda ya gano shi ne zai shige gaba shi kaɗai ya kai su, ba mai nuni, ba mai tari. Ba-haka-ba kuwa yana cikin kwamitin. Mutumin da ke gaida tanki, yaya zai gano ƙwayar wake a cikin kwari?

Sau uku na saci jiki na je wurin ina ƙirga taku: daga kwalbati arba'in da biyu, a juya hagu a busasshiyar bishiya, sannan goma sha ɗaya. Na dawo na kafa masa makaranta a tsakar gida, bokiti ya zama kwalbati, tsintsiya ta zama bishiya. Na ce masa ba don komai ba ne, don kada idon jama'a ya ruɗa shi. Ya bi ni salin-alin, yana wani murmushi da ya riƙa ba ni haushi. Abin da ban lissafa ba shi ne takunsa ya fi nawa tsawo. A gwajin farko ya wuce tsintsiya ya shige cikin igiyar shanya, ya fito da zanen gado a ka. Ƙanwarki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ni kuwa kuka ne kawai ban yi ba.

Ranar ta zo. Da hantsi muka tsaya a kwalbati, domin furen ba ya kai azahar a buɗe. Ina ta raɗa wa Babanki arba'in da biyu, ka rage taku, shi kuwa yana kallon sama kamar ba da shi nake ba. Sakataren ƙungiya ya buɗe jaka ya ciro katin, ya karanta sunan Latinanci, ya karanta wuri da rana, ya zo layin ƙarshe, sai na ji sunana. Cikakken sunana, har da na mahaifina. Wallahi sai da na waiwaya in ga ko akwai wata mai irin sunan a bayana. Babu kowa sai saniyar wani tana kiwo. Shugaba ta miƙa hannu ta ce in shige gaba, kwamiti na jira.

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Ƙirgen da na yi mako biyu ina dura wa bawan Allah ya bi iska, idona ne kawai ya yi aikinsa. Na ga dutsen, na ga ɗan shuɗin nan a inuwarsa, na buɗe baki in ce ga shi, bakin ya ƙi. Shekara shida ban taɓa nuna tsiro da baki ba. Kafin in ankara na zauna daɓas na kama takalmi. Ban gama cire shi ba na ji ƙaras ƙaras a bayana, na ɗaga kai na ga mutum takwas duk sun zaro gilasansu sun duƙo a kaina. Sai dariya ta ɓarke, mai kantin magani har da riƙe ciki. Shugaba ta ce tun shekara ta biyu kowa ya gane, in aka ga na taɓa takalmi kowa yakan bar abin da yake yi ya matso, dogon takalmin nan ma da gangan ta kawo don ta ga yadda zan yi da shi. Sakatare ya ce kati sittin da uku ne ke ɗauke da sunana a ajiyarsu, duk da rubutun Babanki. Ba-haka-ba ya durƙusa ya daɗe yana leƙen furen, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce haka ne. An ce tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa jin kalmar daga bakinsa ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Kunya da haushi da wani daɗi duk sun cakuɗe mini. Muna shiga gida na rufe ƙofa na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun tsakuwar farko, wai idonsa ne ya tafi, ba hankalinsa ba, kuma bai taɓa jin tsakuwa ko ɗaya ta faɗo ƙasa ba duk kaɗe-kaɗen da nake yi. Na ce to me ya hana shi sa sunansa, ga lambar da ya shekara talatin yana nema ta zo har hannu? Ya ce yana son lambar nan har yau, ba zai ɓoye ba, amma katin zai fi shi daɗewa a duniya, ba zai bar ƙarya a layin ƙarshe ba. Na ce me ya sa bai gaya mini ba, ya bar ni ina zama a kan ƙaya kamar sakarya? Sai ya ce ya san halina. Da ya nuna ya gane, da ba ni da sauran dalilin bin sa, girman kaina kuwa ba zai bar ni in ce ina son abin da na kira hauka ba. Shi kuma Asabar ɗin da ba ni ba ya son ta. Gaskiya ya faɗa. Na shiga kicin na yi kukana, na ce albasa ce.

Washegari na nemi takalmina na dama sama ko ƙasa. Ina shiga ɗakinki na gan shi a kan kanta, a tsakiyar katunan, an ɗaura masa 'yar takarda da zare. Rubutun ya karkace saboda ido, amma ya karantu: wuri, gefen hanyar bayan gari, rana, Asabar ɗin farko shekara shida da suka wuce. A layin ƙarshe ya sa sunansa. Ya ce wannan kam shi ya gano da kansa, ba mai ƙwace masa.

Ga dalilin takardar nan. Za a ba da lambar nan da wata biyu, a babban ɗakin taron makaranta. Jiya da bakinsa, ba wanda ya matsa masa, Babanki ya ce a kai shi wurin likitan ido, kuma a yi aikin kafin ranar. Wai 'yan kwamiti ne ke zama a gaba, shi a baya za a ajiye shi, kuma ba zai yarda a ba shi labarin fuskata ba. Har yanzu tsoro yake ji, na ga yadda yake murza hularsa in an ambaci asibiti. Ki nemi hutu ki zo ki riƙe masa hannu, ke ce ba ya iya yi wa gardama. Ki yafe mini ƙaryar shekara shida, na yi ta ne don in rufa wa mutum asiri, ashe shi ke rufa mini nawa.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan jikokina, ki ce wa babban Kakarsa ta zama masaniya. Goggonki da Kawunki da ƙanwarki duk suna gaisuwa. Babanki yana gaishe ki, yana nan zaune kusa da ni yana tambaya ko na rubuta maganar igiyar shanya, na ce masa a'a. Allah ya kawo ki lafiya, ya sa mu gana da alheri. In za ki taho ki riƙo mini takalmi, domin nawa ƙafa ɗaya ya rage, kuma mai ɗayan ya ce ba ya ba da aron kayan ajiya.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki